Tambayoyinku Kan Waya Da Kwamfuta: Waya Ta Ƙone Ba Hayaƙi?

Tambaya: Malam, inuwar madannan rubutu ta maƙale a gilashin wayata Samsung, duk inda na shiga tana nan. Mai gyara ya ce "burn-in" ne, wai allon ya ƙone. Ni ban ga hayaƙi ba. Wani abokina kuma ya ce akwai manhajar da ke wanke ta. Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, ba wuta ba ce, tsufa ne. Allon wayarka irin AMOLED ne. Kowane ɗigo a jikinsa shi ke haska kansa, ba kamar LCD ba mai fitila guda a baya. Ɗigon da ya daɗe yana nuna abu ɗaya a wuri ɗaya sai ya gaji ya dusashe kafin maƙwabtansa, kuma shuɗin cikinsu ya fi saurin sarewa. Inuwar da kake gani sawun wannan gajiyar ce. Sunan "burn-in" ya samo asali ne tun zamanin talabijin da kwamfuta masu ƙeya, lokacin da hoton da ya daɗe a tsaye kan cinye sinadarin da aka shafe cikin gilashin da shi. Dalilin ƙirƙiro hotunan nan masu yawo a fuskar kwamfuta idan an bar ta ke nan, ba don ado ba.

To, bari in yi maku faɗa, don wannan abu yana ci mini rai. Mutum zai ƙure hasken wayarsa har ƙarshe, cikin ɗaki, da tsakar dare, fuskarsa na walƙiya kamar mai walda. Ya saita allon kada ya mutu sai bayan minti 10. Ya jona caji, barci ya kwashe shi, WhatsApp na buɗe har asuba. Bayan shekara ya zo yana cewa kamfani ya cuce shi. Masu bin taswira a mota da masu barin waya a kunne kan teburin shago duk jirgi ɗaya ya kwaso ku.

Batun manhaja kuwa, ka ce ina gaida abokinka. Abin da take yi shi ne watsa launuka na sa'o'i. Idan inuwar ta wucin gadi ce, irin wadda LCD kan yi, da ma za ta tafi da kanta. Idan inuwar ta gaske ce, iyakar manhajar ta gajiyar da sauran ɗigon su yi kusa da wanda ya lalace. Maganin gaskiya canza allo, kuma na AMOLED ba arha. In ka canza, ka bar wayar ta riƙa daidaita haskenta da kanta, ka sa allo ya mutu a daƙiƙa 30, ka koma baƙin bango. A AMOLED, baƙi na nufin ɗigon a kashe yake yana hutawa. Ni haka tawa take, kuma ba na neman shawarar kowa a kai.

Tambaya: Me ya sa ake cewa a yi "burning" ɗin faifan CD? Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

Amsa: Wannan kam akwai zafi a ciki. Hasken laser ne ke gasa wani siririn rini da ke cikin faifan, tabon da ya bari shi ne bayanan, shi ya sa CD-R ba ya goguwa. Manhajar Nero ta Jamusawa da aka saba amfani da ita, sunan sarkin Rum ɗin da ake zargi da gobarar birnin a shekara ta 64 miladiyya aka ba ta. Amma Hajiya, faifan 700MB a wannan zamani? Sayi filash.

Tambaya: Idan na kwana da tocilar waya a kunne za ta ƙone? Daga mai karatu a Kumasi.

Amsa: Da wuya, ƙwan LED ne. Batirinka ne zai sha wahala, wayar kuma ta ɗau zafi, balle in ka tura ta ƙarƙashin matashi. Fitila mai caji ba ta kai kuɗin sabon batir ba.