Na taɓa fayilolin mota a Assetto Corsa, wasan ya daina buɗewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina Garwa, ina buga wasan tseren mota na Assetto Corsa a kwamfuta. Na buɗe bayanan wata mota da manhajar Content Manager zuwa foldar data, na goge data.acd (fayil ɗin da bayanan ke ƙunshe a ciki), na gyara lambobin giya da ƙarfin inji don ta ƙara gudu. Yanzu da na zaɓe ta sai wasan ya rufe kansa, a intanet kuma ana kora ta da saƙon "Checksum failed". Sai na sake sauke wasan gaba ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka sake saukewa, ka ji tausayin megarka. Matsala biyu ce gare ka, kowacce da maganinta.

Ta intanet ba ta da wuya. Sabar da ake tsere a kanta tana gwada bayanan motarka da nata, in harafi ɗaya ya bambanta sai ta kore ka, don kada wani ya shigo da injin da ya fi na kowa. Motar da aka taɓa ta wasan kai kaɗai ce. Ka shiga Steam, manhajar da ake sauke wasan da ita, ka danna dama a kan sunan wasan, ka je Propriétés, sai Fichiers installés, ka danna "Vérifier l'intégrité des fichiers du jeu". Zai dawo da data.acd na asali, kuma abin da ya ɓace ko ya lalace kawai zai sauke. Wannan ya shafi motocin da kamfanin Kunos na Italiya, mai wasan, ya saka ne. Motar da ka ɗauko daga wani shafi, can za ka koma.

Rufewar wasan kuwa, kafin komai ka duba waƙafi. Mu da muka yi makarantar Faransanci hannunmu ya saba rubuta 4,10, wasan kuma 4.10 ya sani, da ɗigo. Na taɓa kwashe yamma guda a kan kwamfutar wani yaro a Marwa, muna zargin katin hoto, ashe waƙafi ɗaya ne a layin FINAL cikin drivetrain.ini. Ka bi duk layin da ka taɓa. A power.lut kowane layi juyin inji ne, sanda a tsaye, sannan ƙarfin juyawa, kamar 3000|250; in sandar ta faɗi ko lambobin juyin ba su bi jeri daga ƙarami zuwa babba ba, lissafi ya rikice. In ka ƙara giya, lambar COUNT da ke drivetrain.ini ta yi daidai da yawan giyoyin da ka rubuta.

In ba ka gano ba, buɗe Documents, Assetto Corsa, logs, ka karanta layukan ƙarshe na log.txt. Sau da yawa abin da wasan yake lodawa lokacin da ya tsaya yana nan.

Gaba, ka kwafi motar zuwa sabuwar folda ka yi gwajinka a can, lamba ɗaya a lokaci guda. Amma ka sani data.acd a kulle yake da sunan foldarsa, in ka canza suna ba zai karantu ba, sai da buɗaɗɗiyar foldar data. Sautin inji ma zai ɗauke har sai ka sa sabon sunan a fayil ɗin .bank da cikin GUIDs.txt da ke sfx.