Tambaya da Amsa: Zan kai Hajiya gidan kula da tsofaffi a Amurka, ta yaya zan gane na kirki?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah ki sakaya sunana. Ina zaune a jihar Maryland, na kawo mahaifiyata shekara shida da suka wuce bayan rasuwar Baba, tana da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, shekararta 79. Bara ta samu shanyewar ɓarin jiki, Alhamdulillahi ta ɗan warware tana takawa da sanda, to amma yanzu mantuwa ta shigo, ranar nan ta ɗora ruwan kunu ta koma ta kwanta har tukunya ta ƙone ƙararrawar hayaƙi ta tashi maƙwabta, kuma sau biyu tana faɗuwa a banɗaki ba kowa a gidan. Ni aiki, matata aiki, yara makaranta. Likita ya ce bai kamata a ƙara barinta ita kaɗai ba. Mun je mun ga wani gidan tsofaffi, wallahi Anti kamar otal, ga furanni ga wajen gyaran gashi har da ɗakin kallo, sun ce dala 4,800 a wata. 'Yan uwana a Zariya sun ce in na kai ta gidan gajiyayyu ba ni ba su. Ni dai kaina ya kulle. Ta yaya zan gane wajen mai kyau ne, kuma kuɗin nan ya yi daidai?

Ɗanki daga Maryland

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba Hajiya lafiya ya sa kaffara ne, kai kuma Allah ya yi maka albarka.

Bari in fara da 'yan Zariya tunda na san su ne suka fi hana ka barci. Kar ka ga laifinsu, abin da suka sani shi ne gidan gajiyayyu, inda ake kai wanda ba shi da kowa, kuma a gida tsohuwa ba ta rasa jika ko matar ɗa ko maƙwabciya da za ta leƙo. Ba su san gidan da ake kulle ƙofa bakwai na safe ba a buɗe sai shida na yamma ba. Ka kira babban cikinsu ka ba shi labarin tukunyar nan da faɗuwa biyun nan ba tare da ka rage komai ba, ka tambaye shi waye zai ɗauke ta in ka maido ta gida, waye zai kwana da ita, wa zai kai ta gashin ƙashi. In akwai mai amsa ta gaskiya to wannan ma hanya ce mai kyau kuma za ta fi arha nesa ba kusa ba, sai dai ka sani in ta wuce shekara a waje girin kad ɗinta na cikin haɗari, kuma Medicare, inshorar lafiyar da gwamnatin Amurka ke yi wa tsofaffi, ba ya bin mutum Najeriya.

To mu zo kan gidan da ka gani. Ni na yi shekaru ina aikin dare a irin waɗannan gidaje kafin gwiwa ta ce ya isa, don haka furanni ba sa burge ni. Falon shiga ba don Hajiya aka ƙawata shi ba, don kai aka ƙawata shi, kai mai sa hannu a takarda.

Abu na farko ka gane wane iri ne, don ba ɗaya ba ne. Akwai wanda tsofaffi masu ƙarfinsu ke kama ɗaki kawai a dafa musu a share musu, wannan ba na Hajiya ba ne. Akwai wanda suke kira asisted libin, inda ake taimaka wa mutum da wanka da sa kaya da shan magani amma ba asibiti ba ne, kuma daga yadda ka kwatanta shi ne ka gani. Akwai ɓangaren masu ciwon mantuwa wanda ƙofarsa a kulle take don kar su fice, shi ya fi asisted libin tsada. Sai kuma nasin hom, gidan jinya sosai mai nas-nas dare da rana. Tambayar da za ka yi musu ido cikin ido ita ce, in mantuwar nan ta ƙaru ko ta daina tafiya gaba ɗaya za ku ci gaba da riƙe ta ko za ku ce mu kwashe kayanmu? Su nuna maka inda aka rubuta amsar a yarjejeniya. Na sha ganin an kira 'ya'ya an ba su wata ɗaya su nemi wani waje, tsohuwar da ta fara sabawa da ɗakinta a sake tumɓuke ta, mai mantuwa kuma canjin waje rikita shi yake ƙara yi.

Ka koma gidan nan ba tare da ka sanar ba. Ba ranar Talata da hantsi ba lokacin da manaja ke nan da murmushinta, ka je ranar Lahadi wajen bakwai na yamma. Da ka shiga ka bar hancinka ya yi aiki, warin fitsari a ɗaki ɗaya ba komai ba ne, yana faruwa, amma in dogon baranda gaba ɗaya ya ɗauka ko an fesa turare mai ƙarfi don a danne, to ana barin mutane cikin jiƙa. Ka tsaya ka ga in wani ya danna ƙararrawar kira minti nawa ake yi kafin a zo. Ka kalli farcen tsofaffin da gashinsu, ka kalli ko an jera su gaban talabijin kai a sunkuye ba mai ce musu uffan. Lokacin cin abinci ka lura da wadda ba ta iya kai cokali baki, akwai mai zama ta ba ta ko sai a ajiye tire a dawo a ɗauke shi yadda yake.

Sannan ka samu ɗaya daga cikin masu aikin, ba ta ofis ba, wadda ke tura keken, ka tambaye ta cikin mutunci mutum nawa take kula da su da dare kuma shekararta nawa a wajen. Nan gaskiyar take. Akwai daren da abokiyar aikina ba ta zo ba aka bar ni ni kaɗai da bene guda, ina canza wa wata tsohuwa zanin gado ina jin ƙararrawa uku na kuka lokaci ɗaya, ɗaya daga cikinsu dattijo ne da ya gaji da jira ya tashi da kansa zai je banɗaki, a ƙasa na same shi. Ba mugunta ba ce, hannu biyu gare ni. Wajen da ma'aikata ke shekara biyar shida ba su gudu ba, ko kujerunsa sun tsufa, ya fi min sabon gini da ake canza fuska duk wata. Kuma a Maryland da yawa daga masu wannan aiki 'yan Afirka ne, Ghana, Najeriya, Kamaru, Saliyo, Habasha, ka tambaya ko akwai mai jin Hausa, in ka dace da 'yar zango ɗaya a wajen ai ka tsinci dami a kala.

Maganar harshen nan kar ka ɗauke ta da wasa. Mai ciwon mantuwa yakan zubar da yaren da ya koya da girma ya koma na goyo, ɗan turancin da Hajiya ta tsinta zai iya tafiya, to wa za ta ce wa cikina na ciwo? Ɗakin kallo da wasan kati ba abin da za su tsinana mata. Abin da ya dame ta shi ne mace ce za ta yi mata wanka ko duk wanda ke bakin aiki, akwai inda za ta yi alwala ba santsi, za a bar ta da butarta, wa zai tuna mata lokacin sallah ya juya mata kujera gabas, kicin ɗin sun san ba naman alade kawai ba har da abin da aka soya da kitsensa, kuma za su yarda ku dinga kawo tuwo da miyar kuka a ɗumama mata. Tsohuwa in abinci bai mata ba shiru za ta yi ta ture kwano ta ce ta ƙoshi, sai dai ku ga zani na kwance mata. Duk wannan a rubuta a tsarin kulawarta, har da abin da za a yi in ta Allah ta kasance, a kira ku nan take, kar a taɓa gawa da wani magani, da lambar masallacinku. Na san ba daɗin ji.

Akwai binciken da za ka yi daga wayarka. In nasin hom ne, shafin Medicare yana da Care Compare inda ake ba su tauraro ɗaya zuwa biyar, ka fi duba ɓangaren binciken jami'an lafiya da na yawan ma'aikata, har na ƙarshen mako da yawan masu barin aiki suna nunawa. Amma asisted libin ba ya ciki, jiha ce ke ba shi lasisi ba gwamnatin tarayya ba, don haka ka ce su ba ka rahoton binciken jiha na baya-bayan nan, in suka fara kame-kame ka san akwai lauje cikin naɗi.

Yanzu kuɗi. Wannan 4,800 ɗin kusan kullum kuɗin ɗaki da abinci ne kawai. Za su auna Hajiya su sa ta a mataki, kowane mataki da kuɗinsa, ba da magani da kuɗinsa, kunzugu da kuɗinsa, raka ta ɗakin cin abinci ma wasu sai sun caja, ga kuɗin shiga da ake biya sau ɗaya wanda galibi ba a maidowa, ga ƙarin da ake yi duk shekara. Ka ce su auna ta tukuna su rubuta maka jimillar wata guda, su kuma faɗa maka nawa suka ƙara bara da bara waccan. Don ka samu ma'auni, binciken kamfanin Genworth na 2023 ya nuna matsakaicin kuɗin asisted libin a Amurka dala 5,350 ne a wata, nasin hom ɗaki na mutum ɗaya kuma ya haura 9,700. Ka lissafa da shekara uku ba wata uku ba.

Kuskuren da mutanenmu suka fi yi shi ne zaton Medicare zai biya. Ba ya biyan zaman dindindin. Abin da yake biya shi ne jinyar farfaɗowa har kwana 100 bayan an kwantar da mutum asibiti kwana uku, kwana 20 na farko duka, daga na 21 kuna biyan wani kaso kullum, a 2025 dala 209.50 ne. Medicaid, shirin gwamnati na biya wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin jinya, shi ne ke biyan zaman nasin hom mai tsawo, shi kuma sai wanda dukiyarsa ba ta wuce wajen dala 2,000 ba a yawancin jihohi, kuma suna waiwayar shekara biyar su ga ko an kyautar da dukiya don a cancanta. A asisted libin ko Medicaid ya shigo, kulawa yake biya ba ɗaki da abinci ba, ga layin jira, kuma ba kowane gida ke karɓarsa ba, ka tambaya tun yanzu in kuɗinmu ya ƙare za ku karɓi Medicaid ko za ku sallame ta.

Ga inda naka ya bambanta. Hajiya ta cika shekara biyar ɗin da doka ta gindaya wa masu girin kad, to amma kai ka sa hannu a fom I-864 lokacin da ka kawo ta, ka ɗauki nauyinta, don haka ana iya lissafa albashinka kamar nata. Wannan nauyi yana sauka in ta zama 'yar ƙasa, kuma akwai fom N-648 da likita ke cikewa a yafe wa mai irin lalurarta jarabawar turanci da tarihi. Ka biya lauyan da ya ƙware kan harkar tsofaffi kuɗin awa ɗaya kafin ka sa hannu a komai, kuma in za ka sa hannu ka rubuta a matsayin wakilinta kake, kar ka wayi gari bashin ya zama naka.

Ni da Hajiyata ce da ban yi gaggawar kai ta kwana ba. Matsalarku awa goma sha ɗayan nan ce ta rana. Akwai cibiyoyin wuni da mota ke zuwa ta ɗauki tsoho da safe ta maido shi da yamma, akwai shirin PACE da ke kula da lafiyar tsoho yana zaune a gidansa, na masu shekara 55 zuwa sama a wasu yankuna, akwai mai zuwa gida ta zauna da ita. Ka kira ofishin kula da tsofaffi na ƙaramar hukumarku su zo su auna ta. Ka sa ƙarfen riƙewa da kujerar wanka a banɗakin nan a satin nan, murhu kuma a cire masa makunni in za ku fita.

TAMBAYA

Anti surukata na wani nasin hom a New York wata huɗu kenan, ranar Asabar ina shafa mata mai na ga gyambo a ƙugunta wajen zama, na yi magana nas ta ce suna sane. Mijina ya ce in yi shiru kar su tsane ta. Ya zan yi?

'Yarki daga Bronx

AMSA

Kar ki yi shiru 'yata. Gyambon kwanciya ne, yana zuwa in ba a juya mutum a kai a kai ko ana barinsa cikin jiƙa, kuma in ya yi zurfi har jini yake shiga. Ki ɗauki hoto da kwanan wata, ku nemi shugabar nas-nas ku ce a rubuce kuke son sanin yaushe ya fara, wa ke wanke shi, sau nawa ake juya ta, an sa mata katifar iska ko ba a sa ba. In kwana biyu uku ba ki ga canji ba ki kira ombudsman, jami'in karɓar koken mazauna irin waɗannan gidaje, kowace jiha tana da shi, kyauta ne, lambarsa na manne a bango kusa da ƙofar shiga ko lifta. Ki gaya wa maigidan dokar tarayya ta 1987 ta ba mazauna nasin hom 'yancin kai ƙara ba tare da a rama a kansu ba. Kuma ku daina zuwa ranar Asabar kaɗai, ku raba kwanakin tsakaninku, yau da safe gobe da dare.