Me ya sa maɓalli ke tsalle-tsalle a kan taga shara-shara?

Tambaya: Malam, ina haɗa wata ƙaramar manhaja da Windows Forms (kayan aikin Microsoft na ƙera tagogin manhaja), na sa TransparencyKey domin a riƙa hango abin da ke bayan tagar. Sai dai duk lokacin da na sa maɓalli ya zame daga gefe zuwa gefe, yana tafiya yana tsalle, kuma bakinsa na barin wani zobe mai launi. Na rage lokacin Timer, wato agogon da ke matsar da maɓallin a kowane bugu, amma babu canji. Ina mafita?

Amsa: Rage lokacin Timer ba zai yi maganin abin ba, domin agogon Windows Forms ba ya bugawa ƙasa da kimanin milisakan 15 ko da ka rubuta masa 1, sannan saƙonsa yana jiran sauran saƙonnin tagar su wuce tukuna. Allon da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa kuwa yana buƙatar sabon zane kowane milisakan 16.7, don haka bugun biyu ba sa haɗuwa daidai. Maimakon matsar da maɓallin da wani adadin ɗigon allo (pixel) a kowane bugu, ka auna lokacin da ya shuɗe da Stopwatch, ka lissafa inda maɓallin ya kamata ya kai daga nan.

Zoben kuwa daga TransparencyKey yake. Launi ɗaya tak yake ɓoyewa, kuma ɗigo ko dai ya ɓace gaba ɗaya ko ya fito gaba ɗaya. Ɗigogin bakin maɓalli, waɗanda aka gauraya da launin bayansu domin su yi sumul, ba su yi daidai da wancan launin ba, shi ya sa suke saura. DoubleBuffered, wato saitin da ke kammala zane a ɓoye kafin a nuna shi, yana rage ƙyaftawa, amma ba ya taɓa wannan.

Idan dole ka zauna a Windows Forms, sai ka zana fuskar tagar duka a hoto guda mai bit 32, wanda kowane ɗigonsa ke da nasa matakin shara-shara, ka miƙa shi ga umarnin Windows mai suna UpdateLayeredWindow, wanda yake nan tun Windows 2000. Farashinsa shi ne maɓallan da ka ɗora ba za su bayyana ba. Kai za ka zana su, kai kuma za ka bi diddigin inda aka danna.

A ganina, komawa WPF, wani kayan aikin Microsoft na ƙera tagogi, ya fi sauƙi. Ka sa AllowsTransparency ya zama True, WindowStyle ya zama None, sannan ka motsa maɓallin da DoubleAnimation a kan TranslateTransform. Kada ka motsa Margin, wato ratar da ke kewaye da maɓallin, domin hakan yana tilasta wa manhajar sake lissafin tsarin tagar a kowane taki. Ka kuma taƙaita girman tagar iya abin da ke motsi, saboda ana kwafe hotonta ne duk lokacin da ya sauya, kuma taga mai cika allo tana nauyaya wa tsohuwar kwamfuta ƙwarai.