Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan sa lalle a gashi

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, na karanta tambayarki, inda kika ce shekara 2 ke nan da kika daina sa rilaksa, gashinki ya dawo na asali mai murɗewa, amma yana karyewa wajen taza, ga furfura ta fara leƙowa ta goshi, shi ne aka ba ki shawarar lalle, ke kuma kina tsoron kada ya busar miki da gashi ko ya mayar da kanki ja. Ni na kai shekara 6 ina sa lalle a gida, gashina kuma irin mai kaurin nan ne wanda idan ya sha ruwa yake ƙanƙancewa ya koma rabin tsawonsa, saboda haka abin da zan faɗa miki a kaina na gan shi.

Batun launi shi ne mai sauƙi. Lalle ba ya cire baƙin gashi, ɗora nasa launin yake yi a kai. Akwai sinadari a ganyensa mai suna lawson, wanda yake kama furotin ɗin keratin da aka gina gashi da farce da shi, shi ya sa jan ƙunshi yake gogewa a tafin hannu cikin 'yan makonni, amma na farce yana nan sai farcen ya tofo an yanke. Haka yake a gashi, abin da ya kama ya kama ke nan, don haka ki yi shawara da zuciyarki tun kafin ki kwaɓa. A baƙin gashi ba za ki ga komai a cikin ɗaki ba, sai kin tsaya a rana za a hangi ɗan ja-ja. Furfura ce take ɗaukarsa sosai. Ranar farko za ta fito ruwan goro jawur, har ki yi nadama, amma ki ba ta kwana 2 zuwa 3, iska za ta sa ta yi duhu ta kwanta. Idan baƙi kike so, bayan kin wanke lallen sai ki bi da garin ganyen baba, irin ganyen da ake shuni da shi a marina, ki kwaɓa da ruwan ɗumi ki shafa nan take, domin shi ba ya jira kamar lalle. Kada ki sa baba shi kaɗai a furfura, launin da zai ba ki tsakanin shuɗi da kore ne.

Tsoronki na bushewa kuwa yana da dalili, kuma a nan ne na sha wahala. Karon farko garin lallen ƙunshi na sayo a kasuwa, ban tankaɗe ba, na kwaɓa shi da zallar ruwan lemon tsami saboda na ji an ce yana fito da launi, na laɓta a kai na kwana da shi. Da safe ya bushe ya yi tauri kamar yaɓen katanga. Na ƙarar da bokiti 3 ina ɗauraya, amma ƙananan itatuwa da yashin da ke cikin garin sun shige cikin murɗin gashin sun ƙi fita, har bayan mako guda idan na sosa kai sai na ga gari a farcena. Gashin ya zama kamar soson wanka, ni kuma cikin haushi na ɗauki mataji na hau tazarsa a bushe, abin da ya zuba a zanina ranar ya fi abin da nake asara a wata guda. Da na natsu na gane ba lallen ne ya karya min gashi ba, tsamin lemon da rashin tankaɗe da tazar ƙarfi ne suka haɗu. Gashinmu tun asali mai ƙishirwa ne, domin maiƙon fatar kai ba ya iya bin murɗi ya gangara har jela. Lalle yana ƙara masa kauri da ƙwari, amma ba ya ba shi laima ko kaɗan, wannan aikinki ne bayan wanki.

Yanzu ga yadda nake yi. Nakan nemi lalle sabon daka, kore mai ƙamshin ganye, in tankaɗe shi sau 2, na biyun da yadi mai laushi irin na tatar koko, har sai ya yi laushi kamar hoda. Gashina yana kai wuya idan an miƙe shi, kuma giram 200 ne yake isata, domin gashi mai cika yana cin lalle fiye da yadda tsawonsa yake nunawa. Da ruwan baƙin shayi mai ɗumi nake kwaɓawa, ba tafasasshe ba, in rufe da leda in ajiye. A lokacin zafi awa 3 zuwa 4 sun isa ya tsumu, da hunturu kuwa nakan kwaɓa da dare in yi amfani da shi da safe. Idan kina so ki tabbatar, ki ɗiga kaɗan a tafin hannu ki goge bayan minti 5, idan ya bar tabo ruwan goro to ya yi. Daf da shafawa nake zuba ruwan hulba da na jiƙa tun jiya, ko yauƙin karkashi da na tace, kuma wannan santsin shi ne ya raba ni da wahalar ɗauraya. Mai kuwa ba na zubawa a ciki, domin yana rage kamun launi a furfura.

Kada ki shafa a kan da ya cukurkuɗe. Ki tsefe kitso, ki wanke, ki warware gashin da yatsu yana da danshi, ki raba shi gida 6 ko 8. Ki shafa man kaɗe a goshi da kunnuwa da ƙeya, ki sa safar hannu, sannan ki bi kowane kashi daga tushe zuwa jela kina lallaɓawa ba tare da cuɗawa ba. Ki rufe da leda ki ɗaura tsohon ɗankwali, domin muddin ya bushe ya daina aiki. Awa 3 nake bari, ban ƙara kwana da shi ba.

Wajen wankewa, na fi jin daɗin cika baho da ruwa in tsoma kaina a ciki har lallen ya saki da kansa, sannan in shafa kwandishina mai yawa in ci gaba da ɗauraya har ruwan ya kusa fita fari. Daga nan sai kwandishina mai sa laushi da man zaitun, in rufe na minti 30 zuwa 40, in ɗauraye, in bi da man kaɗe tun gashin bai bushe ba. Ki guji kwandishina mai ɗauke da furotin ko haɗin ƙwai a wannan makon, zai ƙara masa tauri. Kitso ma nakan ɗaga shi kwana 3, in yi kalba manya kawai, domin makitsiya ba za ta tausaya wa gashin da bai gama laushi ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yawan sa lalle yana iya sassauta murɗin gashi. A shekarata ta farko duk mako 2 nake sawa, sai na lura gaban kaina ya fara saki ya bambanta da sauran. Wasu suna son hakan, ni ban so ba. Yanzu sau ɗaya nake sa wa kai gaba ɗaya a wata 3, a tsakani kuma sabon tofon da furfura ta fito kawai nake bi.

Ina roƙonki ki nisanci duk abin da aka kira baƙin lalle, ko garin kwali da aka ce yana rina gashi baƙi cikin rabin awa. Lalle na gaskiya launi ɗaya yake bayarwa, kuma a hankali. Yawancin masu saurin baƙin nan akwai wani sinadarin rini mai suna PPD a ciki, wanda yake jawo wa wasu kumburi da ƙuraje masu ruwa, kuma wadda jikinta ya taɓa ƙin dayis a hannu, na kai zai fi mata muni. Ko tsantsar lallen ma ki gwada kaɗan a bayan kunne ki jira awa 48, ki kuma gwada a kan gashin da kika tara daga mataji, musamman idan har yanzu akwai ragowar rilaksa ko rini a jelar gashinki. Jarirai kuwa kada a sa musu, haka ma yaron da likita ya ce yana da ƙarancin G6PD, wato wani sinadarin jiki mai kare ƙwayoyin jini, domin lalle yana iya farfasa masa jajayen ƙwayoyin jini.

Ki tanadi tsohuwar rigar matashi da ɗankwalin da ba kya ji da shi na kwana 2 na farko, domin gumi yana sauko da ragowar launin, ni farin mayafin sallata ne ya fara biyan kuɗin wannan darasi. Warin ganyen ma yana ɗan daɗewa, idan yana damunki ki zuba garin kanumfari rabin ƙaramin cokali a kwaɓin, amma kada ya wuce haka don yana yi wa fatar kai zafi.