Allurar mai da ta zafin inji sun rikice a tsohuwar fowil, wayar hannu za ta iya gano matsalar?

Tambaya: Salam malam, dan Allah ina da Land Cruiser tsohon yayi ƙirar 1994 mai shan dizal, kwana biyun nan da na kunna fitila da daddare sai allurar mai da ta zafin inji su tashi sama tare, in na kashe su dawo. Na sayi ɗan abin nan na binciken matsalar mota, ELM327, da ake haɗawa da waya amma har yau ban ga ramin da zan soka shi ba.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ramin da kake nema ba za ka same shi ba. Shi ELM327 yana aiki ne da soket mai baki 16 da ake kira OBD2, kuma sai 1996 aka wajabta shi a motocin Amurka, a Turai ma masu dizal sai 2004. Motarka ta girmi tsarin, kuma in injin 1HZ ne a ciki to famfonsa na ƙarfe ne zalla, babu wata kwamfuta da manhajojin waya irin su Torque ko Car Scanner za su yi hira da ita. Ka ajiye shi, wata motar zai yi maka amfani.

Amma ka riga ka faɗi ciwon da bakinka. Allura biyu ba sa lalacewa rana ɗaya, kuma ba su da haɗi da fitila sai ta wuri guda, wato at, wayar da wuta ke bi ta koma jikin mota. In wannan wayar ta yi tsatsa ko notinta ya saki, wutar ƙwayayen dashbod sai ta rasa hanyar komawa ta kutsa ta cikin gejin, shi ne kake ganin allura na hawa alhali inji lafiyarsa ƙalau. Na sha ganin an ɓalle dashbod gaba ɗaya an sayo wani, aka ɗaura ciwon na nan daram, saboda noti ɗaya ne mai tsatsa a ƙasan sitiyari, wallahi abin yana min ciwo.

Ka samu maltimita, wato mitar auna wuta, ka sa ta a bolt na DC, baƙin tsinken ka ɗora a kan negetif na batir, jan kuma a kan wayar at ta bayan mitocin, a Toyota yawanci fara ce mai baƙin layi. Kunna fitila ka duba. In ka ga bolt 0.1 ko ƙasa da haka ba laifi, in kuwa ta kai rabin bolt ko ta wuce to ka kama ɓarawon. Bi wayar har inda aka ɗaure ta a bodi, kwance notin, goge wurin da sanfefa sai ƙarfe ya yi fari tas, ka mayar ka ɗaure tamau. Kar ka manta da kaurin wayar nan da ta haɗa inji da bodi, fowil da ke shiga ruwa da taɓo ita ce ke fara ruɓewa.

In ka yi duk wannan allurar mai kaɗai ta ci gaba da ƙarya, sai a koma kan fulot ɗin cikin tanki. A irin waɗannan Toyota ɗin in ka juya maltimita zuwa ma'aunin om yana ba da wajen 3 in tanki ya cika, wajen 110 in babu komai. Ka cire shi ka riƙa ɗaga hannunsa a hankali kana kallon mita, lambar ta riƙa sauka sumul, in tana tsalle ko ta ɓace a tsakiya to ya cinye. Dan Allah ka cire kan batir kafin ka buɗe tanki. Sannan ita allurar zafi kar ka ce ai ƙarya take ka ci gaba da tafiya, har sai ka tabbatar, in ta hau ka tsaya ka duba ruwan lagireto bayan inji ya huce, gaskit ba abin wasa ba ne.

Tambaya: Malam tawa Hilux ce, allurar gudu ke rawa wani lokacin ta kwanta a sifili ina cikin tafiya.

Amsa: Yallaɓai abu na farko ka lura da lambobin kilomita, suna ci gaba da juyawa lokacin da allurar ta kwanta? In suna juyawa to saƙo na zuwa daga giya, matsalar a cikin mitar take. In su ma sun tsaya cak sai ka leƙa ƙarƙashin mota wajen giyar fowil, tsofaffin kebul ne mai juyawa, in ya bushe ko ya lanƙwashe allura ta riƙa rawa har da ɗan ƙara, a zare shi a wanke a shafa giris kaɗan ko a canza. Na baya-bayan sensa ce mai soket, sau da yawa datti ne ko mai ya shiga soket ɗin.

In a cikin mitar ne, kuma mai sensa ce, nan aikin ya dawo irin namu na masu gyaran waya. Zafi da girgizar shekara talatin suna tsattsaga dalmar da ke bayan fanel, da gilashin ƙara girma za ka ga ɗan zobe siriri kamar gashi zagaye da ƙafar soket, a sake narka dalmar kawai. Ka duba ƙananan kafasita ma, wadda ta kumbura ko ta zubo ruwa ta ɓata layin a canza ta da mai lamba iri ɗaya, a kula da ƙafar fulos da mainos. Kafin ka cire allura ka ɗauki hotonta da waya inda take kwance, in ba haka ba wajen mayarwa za ka sha wahala. Bayan gyara ka buɗe manhajar gudu mai GPS ka gwada a miƙaƙƙen titi, wani ya riƙe wayar ba kai ba. In ka sa tayoyin da suka fi na asali girma mitar za ta nuna ƙasa da ainihin gudunka, wannan ba lalacewa ba ce.

Tambaya: Na canza ƙwayayen dashbod zuwa LED, yanzu batir na mutuwa.

Amsa: Ka mayar da ƙwan asali a wurin hoton batir ɗin nan. A yawancin tsofaffin altaneta ta cikin wannan ƙwan ɗan wutar da ke tada caji yake bi, LED kuma ba ta barin isasshe ya wuce. Yawancin sauran ka bar su a LED ba komai, wadda ta ƙi kamawa ka juya ta. Ka tada mota ka auna batir, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4, in yana nan a 12 da ɗoriya ko bayan ka mayar da ƙwan to ka kai wa mai riwaya ya duba altanetar.