Idan kwas ya faɗi tantancewar NUC, laifin wa ne?

Malam, ka tambaya ko laifin shugaban jami'a ne idan kwas ya kasa tsallake tantancewar NUC, hukumar da ke kula da jami'o'in Najeriya. Yana da nasa kason, amma sai an san yadda ake ba da makin kafin a raba laifi.

Hukumar takan turo farfesoshi daga wasu jami'o'i su duba manhaja, malamai, azuzuwa da ɗakunan gwaje-gwaje, da laburare. Kwas ɗin da ya samu kashi 70 zuwa sama, kuma bai gaza a manyan ɓangarorin nan ba, ya samu cikakkiyar amincewa ta shekara 5. Daga 60 zuwa 69 ta wucin gadi ce, shekara 2. Ƙasa da haka an faɗi, sai a dakatar da ɗaukar sabbin ɗalibai.

Inda aka fi zubar da maki shi ne malamai. Ƙa'ida ita ce malami ɗaya ga ɗalibai 30 a fannin adabi da zamantakewa, 20 a kimiyya, 15 a injiniyanci, 10 a likitanci. Ana kuma so kashi 20 na malaman su zama farfesoshi da masu bi musu, kashi 35 manyan lakcarori. To a jami'ar tarayya shugaba ba ya wayar gari ya ɗauki malami; sai ya bi ofisoshin Abuja neman izini, kafin ya fito wani farfesan ya yi ritaya, wani ya tafi waje. A watan Yunin 2023 aka rushe majalisun gudanarwa na jami'o'in tarayya, aka yi kusan shekara babu su, alhali su ke sa hannu a ƙarin girma zuwa farfesa. TETFund kuwa, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, gini take yi, ta sayi kayan aiki, ta tura malamai karatu, ba ta biyan albashi ko kuɗin wuta. Duk wannan ba a hannun shugaba yake ba.

Amma akwai abin da ba shi da uzuri a kai. Wa'adinsa shekara 5 ne babu ƙari, digirin digirgir kuma yana cin shekara 3 zuwa 4. Wanda bai tura ƙananan malamai karatu tun shekararsa ta farko ba, ya bar wa magajinsa sashe babu manya. Haka buɗe sabbin kwasa-kwasai da cusa ɗalibai fiye da adadin da aka yanke don a tara kuɗin rajista: aji na mutum 60 a zuba 200, lissafin malami da ɗalibi ya lalace nan take.

Mafi muni shi ne aro. Ana saura mako guda baƙi su iso, a kwaso na'urori daga wani sashe, a liƙa sunayen malaman wata jami'a a ƙofofin ofis, a shafa fenti. Gogaggen mai tantancewa takardar albashi zai nema, ya buɗe rajistar ɗakin gwaji ya ga yaushe rabon da ɗalibi ya taɓa na'urar. Ko an tsallake ma, ɗaliban aka cuta.

Shugaban sashe shi ma ba a wanke shi ba. Tambayoyin jarrabawa, tsarin ba da maki da rahoton mai duba jarrabawa na waje, kowane zango ya kamata a adana su a fayil. Wannan ba ya buƙatar izinin Abuja, amma sassa da yawa a nan suke asarar makin da yake a hannunsu.