Madafa ma ɗaki ce, ɗiyata

Ɗiyata, saƙonki ya iso, na kuma karanta shi har sau biyu. Kin ce kina son ki yi wa kicin ɗinki fenti, ki kafa kanta, ki ajiye 'yan shuke-shuke a taga ko girki zai riƙa yi miki daɗi, sai wasu daga cikin manya suka ce ba a san haka a al'ada ba, wai falo da ɗakin kwana ake yi wa ado, madafa kuwa wurin hayaƙi ce da maiƙo. Kika ce in faɗa miki gaskiya, ko kin ɗauko iyayi ne.

Ba ki ɗauko iyayi ba. Waɗanda suka faɗa miki haka sun manta ne kawai. Kakarki, Allah Ya jiƙanta, ba ta da fenti ba ta da kabad, amma da kin leƙa madafarta bayan an gama girkin dare za ki tarar da tukwane a kife a jere, daga babba zuwa ƙarama, an dirje gindinsu da toka har suna ɗaukar ido. Kowane ludayi da ƙusarsa a bango. Ko cikin duhu ta miƙa hannu, a kan abin da take nema yake sauka. Mu da muke yara, a can muke tarewa, saboda nan ne wurin da ya fi ko'ina daɗin zama a gidan. To in wannan ba ado ba ne, me za a kira shi? Falo na baƙo ne, ya zauna awa guda ya tafi. Ke kuwa sau uku a rana kike shiga kicin, har iya rayuwarki.

Sai dai ki fara da iska da haske kafin ki je kan launi. Wannan kam ina roƙonki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda yawancinta hayaƙin girki ne da itace ko gawayi ko kananzir, tana kashe mutum kimanin miliyan 3 a shekara. Kada ki toshe taga da kayan ƙawa. Idan da gas kike girki, ki sani ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, don haka kada ki kulle tulunsa a kabad marar kafar iska don kawai ki ɓoye shi. Ƙwan fitila kuma, guda ɗaya a tsakiyar rufi ba ya isa, domin yana bayanki, inuwarki ce ke faɗawa kan wuƙa da albasa. Ki sa a ƙara miki wani a saman inda kike yanka.

Labule mai tsawo kusa da murhu, a'a. Ina amarya na rataya wani mai furanni da nake matuƙar so, wata rana iska ta kaɗo gefensa kan wuta. Allah Ya taƙaita, bango kawai ya yi baƙi, amma har yau in na tuna gabana faɗuwa yake.

Fenti ki nemi mai haske, mai sheƙi wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Bayan murhu da famfo, tayil ya fi.

Kanta a buɗe tana da kyau, amma ki ɗora mata abin da kike ɗauka kullum kawai, kofuna da farantan yau da gobe. Duk abin da ya yi wata bai motsa ba, maiƙo da ƙura sun haɗu sun manne masa, sai ki wayi gari adon ya zama aiki. Kwalaben kayan ƙamshi da na mai ma haka: sun fi ban sha'awa a jere a taga, amma rana da zafi suna kashe ƙamshi, suna sa mai ya yi ɗoyi. Ki ba su inuwa, nesa da wuta. Tagar ki bar wa na'a-na'a a ɗan ƙaramin tukunya, tana son haske, ga ƙamshi, ga shi kina tsinka kina amfani.

Akwai wani labari da nake yawan ba ɗalibaina lokacin da nake koyarwa. A 1926 wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara wa gidajen ma'aikata na birnin Frankfurt a Jamus wani kicin da bai kai mita 2 a faɗi ba, tsawonsa mita 3 da ɗoriya. Sai da aka auna taku da motsin hannun mai girki, aka sa komai inda za ta kai ba wahala. An gina kusan 10,000, kuma daga nan kicin mai kabad a jere ya bazu duniya. Amma daga baya an yi ta kuka da shi kan abu guda: mutum ɗaya yake ɗauka. Mace tana ciki ita kaɗai, 'ya'yanta suna wani ɗakin, ba ta ganinsu ba ta jin hirarsu.

Shi ya sa cikin duk abin da za ki saya, na fi son ki fara da kujera. Ƙarama, a lungu, nesa da hanyar tukunyar zafi. Gajiyar girki rabinta kaɗaici ne. In akwai wurin zama, maigidanki zai shigo da labarin wuninsa, yarinyarki za ta zauna tana ɓare miki tafarnuwa, tana ganin lokacin da kike rage wuta da lokacin da kike ɗanɗana gishiri. Haka na koya, haka mahaifiyarki ta koya, ba wanda ya zaunar da mu ya ce yau darasi za a yi.

Manyan da suka yi magana kuwa, kada ki yi musu gardama. Idan kin gama gyaran, ki gayyato su, ki zaunar da babbar cikinsu a kan kujerar nan ki zuba mata shayi.

Ki auno mini bangon da ke gefen famfo ki turo da hotonsa, in ga ko kanta biyu za su shiga. Ki gaishe da maigidan da yara.